'Yata ta iya PGCD da PPCM, amma ba ta san inda kowanne yake aiki ba

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Assalamu alaikum. Don Allah malaman da ke cikin wannan zaure ku ba ni shawara. Babbar 'yata tana sankiyem, wato aji biyu na sakandare, jiya ta dawo daga lekol da takardar gwaji, idonta ya yi ja. Tambayar da ta faɗi ita ce: motoci biyu ne ke ɗaukar albasa, ɗaya tana tashi duk bayan kwana 12, ɗayar duk bayan kwana 18. Yau sun tashi tare, sai yaushe za su sake tashi rana ɗaya? Ita ta rubuta kwana 6. Na duba aikinta layi-layi. Ta farfasa 12 ta zama 2×2×3, ta farfasa 18 ta zama 2×3×3, ko ɗigo ba ta kuskure ba, sai ta ɗauki PGCD (lamba mafi girma da ke raba su duka biyu ba saura) maimakon PPCM (lamba mafi ƙanƙanta da su biyun suke rabawa ba saura). Na ce mata, motar da ba ta sake tashi sai bayan kwana 12, ta yaya za a gan ta a tasha a kwana na 6? Ta yi shiru, can ta ce, "Mama, ni ban ma yi tunanin mota ba, lambobi kawai na gani." Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai tun jiya. Ta ina zan ɓullo mata?

Mushen Lissafi (Marwa):
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada hankalinki ya tashi, kuskure ne da nake gani duk shekara. Ga abin da nake koya wa nawa: in tambaya ta yi maganar rabawa, ko yankawa, ko "mafi girma", PGCD ne. In ta yi maganar sake haɗuwa, ko "mafi ƙanƙanta", PPCM ne. Ta haddace wannan, ta yi atisaye goma, magana ta ƙare. Amsar tata kwana 36 ce.

Ɗalibar Jami'a (Marwa):
Malam, a gafarce ni, amma ina ganin wannan maganin daga jikin cutar ya fito. Yarinyar ta ce lambobi kawai ta gani, yanzu kuma za mu ce ta riƙa farautar kalmomi. Ranar da aka juya tambayar aka ce "kwana nawa ne mafi yawa" ko aka rubuta ta da wata Faransancin da ba ta saba ji ba, za ta sake faɗawa ramin. Hajiya, ki ɗauko kalanda ki ba ta biro kala biyu. Ta zagaye ranakun motar farko: 12, 24, 36. Ta zagaye na ta biyu: 18, 36. In ta ga zobe biyu sun hau rana ɗaya da idonta, ba sai kin ce mata komai ba.

Mushen Lissafi (Marwa):
Ƙanwata, ba na musun abin da kika faɗa. Amma ki shigo ajina ki gani. Yara sun haura tamanin, wasu uku wasu huɗu a benci, awoyin lissafi ƙidayayyu ne, ga manhaja da dole a gama kafin ƙarshen shekara, ga jarrabawar BEPC na jiran su a turwaziyem, aji huɗu na sakandare. Jarrabawa kuma da Faransanci take zuwa, ba da kalanda ba. In na tsaya kowane yaro ya zana zobe, a watan Mayu zan iske ban taɓa rabin littafi ba, kuma iyayen nan da ke cikin zauren su ne na farko da za su tambaye ni dalili.

Mai Shago (Njamena):
Ni ba malami ba ne, amma bari in sa baki. Yaron da ke taimaka mini a shago, in mai saye ya ce dala talatin da biyar, kafin ya rufe baki ya san sefa 175 ce. In Balarabe ya zo ya ce riyal arba'in, ya san 200 ake nufi. Duk rana yana ninka biyar yana raba biyar sau ɗari, bai taɓa yi mini asara ba. Amma a lekol an ce bai iya lissafi ba. Ashe ba shi ne abin da kuke kira miltipil ɗin ba? Me ya sa ba a fara masa daga dalar da ya sani?

Ɗalibar Jami'a (Marwa):
Shi ne, Alhaji, babu bambanci. Duk kuɗin da za a iya faɗa da dala ninkin 5 ne, shi ya sa kullum yake ƙarewa da 0 ko 5. Mu nan mun taso da wannan a bakinmu tun kafin mu riƙe alli. Ni da Hausa nake cewa "ninki" a wurin miltipil, dibizer kuma "mai raba lamba ba saura". Da zarar yaro ya ji haka sai ya gane cewa ninki sama yake tafiya, mai rabawa kuma ba ya wuce lambar da yake rabawa. Da 'yar Hajiya ta ji wannan a harshenta, da ba ta ba da amsar da ta gaza 12 ba.

Mai Tayil (Kuseri):
Salamu alaikum. Shekara da shekaru ina shimfiɗa tayil ban san sunan abin da nake yi ba sai da ƙanena ya shiga sakandare. Misali ɗaki mai santimita 480 a tsawo, 360 a faɗi. Mai gida yana son tayil da ba za a yanka ko ɗaya ba. Na 40 zai shiga: 12 a tsawo, 9 a faɗi. Na 60 zai shiga: 8 da 6. Na 30 ma haka. Amma na 50 in ya saya, sai na kwana ina yanka gefe, ga ƙura ga asara. Yadda nake ganewa kuwa, sai in cire faɗi daga tsawo, saura 120. In duba ko 120 zai auna 360 daidai, sai in ga sau uku cif. To duk tayil ɗin da girmansa ya raba 120 zai zauna a ɗakin lafiya lau. Ƙanena ya ce wai wannan 120 ɗin shi ne PGCD.

Tsohon Malamin Lise (Ngaundere):
Malam mai tayil, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Abin da kake yi da tef ɗin awo shi ne hanyar da Yuklid ya rubuta a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau da ita kwamfuta take aiki. Ta ma fi farfasa lamba sauƙi in lambobin sun yi nauyi. Ku gwada 391 da 299. Yaro zai gwada 2, 3, 5, 7, 11, duk babu wadda ta shiga, sai ya gaji ya ce ba su da abin da ya haɗa su. Amma a bi hanyar mai tayil: a cire 299 daga 391, saura 92. A cire 92 sau uku daga 299, saura 23. Sai 23 ta auna 92 sau huɗu ba saura. Shi ke nan, 23 ce. Layi uku.

Game da gardamar Mushe da ɗiyata ɗaliba, ni na yi shekaru a gaban allo, na san zafin abin da Mushe yake faɗa. Sai dai na ga wani abu. Minti goman da na riƙa ɓatarwa a kan wasa ƙwaƙwalwa ranar Juma'a su ne suka rage mini maimaita darasi a wata na gaba. Ba zana zobe kullum ake cewa ba. Tambaya ɗaya ce mai daɗi da yaro zai tafi da ita gida tana cin sa.

Mushen Lissafi (Marwa):
To Baba, kawo irin tambayar mu gani.

Tsohon Malamin Lise (Ngaundere):
Ga ta. Wata mai goro ta zube hajarta tana kasawa. Ta kasa bibbiyu, ɗaya ya rage. Ta kasa uku-uku, ɗaya ya rage. Hurhuɗu, ɗaya ya rage. Biyar-biyar, ɗaya. Shida-shida, ɗaya. Da ta kasa bakwai-bakwai sai ya tashi cif ba saura. Goro nawa ne mafi ƙaranci da zai yiwu tana da shi?

Mai Shago (Njamena):
49 ne.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Alhaji, na gwada 49 da wake a faranti. Bibbiyu, uku-uku, hurhuɗu da shida-shida duk ɗaya ke ragewa, amma biyar-biyar huɗu ne suka rage.

Mai Shago (Njamena):
Gaskiyarki Hajiya, na tsallake biyar. Bari in sake zama.

Direban Tirela (Garwa):
Ina Figil ina jiran lodi, na yi ta a waya. Na ninka 2×3×4×5×6 ya ba ni 720, na ƙara ɗayan nan da ke ragewa, 721. Na raba da 7 ya ba ni 103 daidai. Amsa 721.

Tsohon Malamin Lise (Ngaundere):
Madalla direba, tunaninka ya hau hanya, kuma 721 ta cika duk sharuɗɗan. Amma akwai wadda ta fi ta ƙanƙanta. Ka tambayi kanka: dole ne sai 720 kafin 2, 3, 4, 5 da 6 su raba lamba?

Ɗalibar Jami'a (Marwa):
Ba zan faɗi amsa ba, amma ku lura: duk abin da ya kasu hurhuɗu ya riga ya kasu bibbiyu. Duk abin da ya kasu uku-uku kuma ya kasu bibbiyu, ya riga ya kasu shida-shida. To 2 da 6 ba su ƙara wani sabon sharaɗi ba.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Na ba yarinyar wayar bayan sallar isha'i. Ta ɗan jima tana rubutu a bayan kayenta, wato littafin rubutunta, sai ta ce 3×4×5 ya isa, wato 60. Ta jera 61, 121, 181, 241, 301, tana gwada kowacce da 7. A 301 ta tsaya, ta ce 7 sau 43. Wallahi da gudu ta zo ta nuna mini. Kuma ita da kanta ta ce, "Mama, ashe 60 ɗin nan PPCM ne."

Tsohon Malamin Lise (Ngaundere):
Ƙwarya uku da goro ɗaya. Ki gaishe ta, ki ce kakanta na Ngaundere ya yaba. In tana son ƙari, ta nemo dalilin da ya sa tazarar 301 da 721 ta zama 420, kuma wace lamba ce za ta biyo bayansu.

Malamin Zaure (Garwa):
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun safe nake bin maganarku, kuma akwai abin da nake so 'yan boko su sani, domin sau da yawa ana ɗauka wannan ilimin da jirgi ya zo mana. Duk wanda ya karanta babin gado a zaure ya yi wannan lissafin, sunayen ne kawai suka bambanta. Rabon da Alƙur'ani ya ambata shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Kafin a raba dukiya sai an nemo asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da kowane rabo zai fita daga cikinta ba tare da karaya ba. Malamai suka ce in ka dubi lambobi biyu, ɗayan hali huɗu ne. Ko su zama iri ɗaya, shi ne tamasuli, sai ka ɗauki ɗaya. Ko ƙaramar ta shige cikin babbar kamar 3 da 6, shi ne tadahuli, sai ka ɗauki babbar. Ko wata lamba ta raba su duka biyu kamar 6 da 8, shi ne tawafuƙi. Ko kuma babu abin da ya haɗa su kamar 3 da 8, shi ne tabayuni, sai ka ninka ɗaya da ɗaya.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. 8 da 6 sun yi tawafuƙi a rabi, sai a ɗauki rabin 8 a ninka da 6, asali ya zama 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Namiji yana da rabon mata biyu, kawunansu sun zama 5. To 17 ba ta rabuwa gida 5, kuma babu abin da ya haɗa su, sai a ninka 24 da 5 ya zama 120. Yanzu mata 15, uwa 20, kowane ɗa namiji 34, 'ya mace 17. Ku tara ku gani ko bai cika 120 ba. Almajirin da ya iya wannan, me zai ba shi tsoro a tambayar motocin albasa?

Ɗalibar Jami'a (Marwa):
Allah ya gafarta Malam, wannan tawafuƙin da ka bayyana shi ne ƙa'idar da muke rubutawa a allo: ka ninka lambobin biyu, ka raba da PGCD ɗinsu, ka sami PPCM. 8×6 ya ba da 48, a raba da 2, 24. Ni ban taɓa jin wani ya haɗa mini su ba, ga shi mahaifina ya yi karatun zaure, a gida ɗaya muke kwana da ilimin.

Tsohon Malamin Lise (Ngaundere):
Haɗin ya daɗe, Malam. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9, babban kaso na littafin a kan lissafin wasiyya da gado yake. A ƙasar Hausa ma muna da namu. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake gina hatimin lambobi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ƙaramin cikinsu kowane yaro zai iya gwadawa: gida tara, a zuba 1 zuwa 9, kowane layi a tsaye, a kwance da a karkace ya ba da jimla ɗaya. Kafin ya fara cacar zubawa, a tambaye shi jimlar nawa za ta kasance. In ya tara 1 zuwa 9 ya sami 45, layuka uku ne, dole kowanne ya ɗauki 15. Daga nan zai gano da kansa cewa 5 ce kaɗai za ta iya zama a tsakiya.

Direban Tirela (Garwa):
Tunda an zo maganar gado, akwai wadda muke yi a tasha. Mutum ya bar raƙuma 17, ya ce babban ɗa ya ɗauki rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami ɗaya bisa tara. Aka rasa yadda za a yi, sai wani dattijo ya ara musu raƙuminsa suka zama 18. Babba ya ɗauki 9, na tsakiya 6, ƙarami 2, dattijo ya ja nasa ya tafi. Har yau ban gane inda dabarar take ba.

Malamin Zaure (Garwa):
Kafin a amsa maka, ina roƙon duk mai ba yara wannan ya faɗa musu cewa wasa ƙwaƙwalwa ce, ba hukuncin gado ba. A shari'a 'ya'ya maza daidai suke raba abin da ya rage, babu babba babu ƙarami, kuma ɗaya bisa tara ba ya cikin rabon da aka ambata. Na taɓa jin wani saurayi yana kafa hujja da labarin nan a wurin rabon gida, abin bai yi daɗi ba.

Ɗalibar Jami'a (Marwa):
Na karɓi gyaran Malam. Dabarar kuwa, yaya direba, ita ce rabon uku ba su cika dukiyar ba tun farko. Ƙaramar lambar da 2, 3 da 9 suke rabawa ita ce 18. Rabi 9 ne cikin 18, sulusi 6, ɗaya bisa tara 2, jimla 17 cikin 18. Kashi ɗaya ba shi da mai shi, shi ne raƙumin dattijo. In ka duba da kyau ma kowane ɗa ya sami fiye da abin da aka ce: rabin 17 takwas da rabi ne, amma babba ya tafi da 9.

Mushen Lissafi (Marwa):
Na karanta duka, kuma ba zan ɓoye ba, misalin Malam na 24 ya shige ni. Amma ina nan a kan abu ɗaya. Duk wannan daɗin ba ya yiwuwa ga yaron da bai haddace jadawalin ninkawa ba. 'Yar Hajiya ta kai 301 ne domin ta san 7 sau 43 ba tare da ta ƙirga yatsu ba. Ina da yara a siziyem, ajin farko na sakandare, da in ka ce 7 sau 8 sai sun zana sanduna. Wannan ka ba shi tambayar mai goro, ba tunani zai yi ba, zai dai ji cewa shi daƙiƙi ne. Kada mu fita daga nan muna cewa hadda ba ta da amfani.

Malamin Zaure (Garwa):
Mu da muke haddar izu sittin ba za mu raina hadda ba, Mushe. Amma a wurinmu ma bayan hadda akwai karatun sani. Kuma tunda na ambaci sittin, ga abin da iyaye za su iya yi ba da ko sisi ba. In za a yi sauka a gida, a bar yaro ya raba izu. Mutum 10 kowa 6, mutum 12 kowa 5, mutum 15 kowa 4. Ranar da aka zo mutum 7 ko 8 zai ga abin ya ƙi, sai a tambaye shi dalili. A sa shi ya nemo duk adadin mutanen da sittin za ta rabu a kansu daidai. Guda 12 ne, daga mutum 1 har mutum 60. In mutum 8 ne kuma, a tuna masa kowane izu sumuni 8 ne, Alƙur'ani duka sumuni 480, kowa ya ɗauki 60, wato izu bakwai da rabi.

Ɗalibar Jami'a (Marwa):
Malam Mushe, a nan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, jadawali dole ne. Inda muka rabu shi ne wanne ke jawo wanne. Ƙanena ya ƙi jadawalin 7 shekara guda, ranar da na zana masa 1 zuwa 100 a ƙasa na ce ya tankaɗe su da rariyar Eratostin, ya soke ninkin 2, na 3, na 5, sai ya zo kan 7 ya ga yana bukatarsa. Da ya gama, in aka ajiye 1 a gefe, lambobi 25 suka tsira, waɗanda ba mai raba su sai 1 da su kansu. Ya tambaye ni me ya sa ba mu soke ninkin 11 ba, na ce ya duba ko akwai wanda ya rage. Babu, domin na farkon da zai rage shi ne 11 sau 11, kuma 121 ta wuce ɗari. Shi wannan Eratostin ɗin ma a Sirin aka haife shi, cikin Libiya ta yau.

Mai Shago (Njamena):
Akwai abin da aka koya mana a firamare, gwajin tara, ana zana kuros a sa lambobi huɗu. Har yanzu ina yi in na ninka kuɗin katan-katan. Amma wata rana gwajin ya ce daidai ne, alhali na yi kuskure. Ko ni ne ban iya ba?

Tsohon Malamin Lise (Ngaundere):
Ka iya, Alhaji, gwajin ne yake da iyaka. Ɗauki 47×23, amsa 1081. Tara 4 da 7, 11, ta koma 2. Tara 2 da 3, 5. Ninka 2 da 5, 10, ta koma 1. Amsar ma 1+0+8+1 ta ba da 10, ta koma 1. Sun dace. Amma da ka rubuta 1801 da ma sun dace, domin gwajin ba ya ganin wurin da lamba ta zauna, jimlarsu kawai yake gani. Dalili kuwa 10 tara ce da ɗaya, 100 kuma 99 ce da ɗaya, 1000 ita ce 999 da ɗaya, saboda haka in ka raba lamba da 9, abin da zai rage daidai yake da abin da zai rage daga jimlar lambobinta. Daga nan ne ƙa'idar rabuwa da 3 da ta 9 suka fito. In gwajin ya ce ka yi kuskure, to ka yi. In ya ce daidai ne, bai rantse maka ba.

Wannan raunin kuma yana da amfani a shago. In ka rufe lissafin dare ka ga bambancin littafi da aljihun tebur yana rabuwa da 9, fara neman inda ka juya lambobi biyu. Wanda ya rubuta 27 a wurin 72 zai ga gibin 45. Wanda ya rubuta 450 a wurin 540 zai ga 90.

Mai Shago (Njamena):
Allahu akbar. Satin da ya wuce gibin 3,600 ya hana ni tashi har sha ɗayan dare, ashe 5,900 na rubuta a wurin 9,500. Da na san wannan da tuni na gano.

Mai Tayil (Kuseri):
Baba, a ƙara mana ɗaya mana, yarana sun ji ta goro suna neman wata.

Tsohon Malamin Lise (Ngaundere):
To ga ta. Layin kasuwa mai shaguna 100, duk a rufe, an yi musu lamba 1 zuwa 100. Mutum na farko ya bi ya buɗe duka. Na biyu ya taɓa shago na 2, na 4, na 6, haka har ƙarshe: in a buɗe yake ya rufe, in a rufe yake ya buɗe. Na uku ya yi haka ga na 3, na 6, na 9. Aka yi ta yi har mutum na 100, wanda shago na 100 kaɗai ya taɓa. Waɗanne shaguna ne suka kwana a buɗe? Kada a fara da ɗari. A jera murafen kwalba 20 a tabarma, a riƙa kifewa ana buɗewa.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Mun yi da murafe 20, har 'yan biyun suka shiga suna kifewa. Waɗanda suka rage a buɗe su ne 1, 4, 9 da 16. Yayarsu ta ce to na gaba 25 ne, sai 36, har 100, guda goma ke nan, domin duk lamba ce da aka ninka da kanta. Amma ta ce ba ta san dalili ba, kuma ta hana ni tambaya a nan, wai ita za ta nemo. Na ga ta rubuta masu raba 12 bibbiyu, 1 da 12, 2 da 6, 3 da 4. A ƙasa ta rubuta na 16, 1 da 16, 2 da 8, sai 4 ita kaɗai, ta zagaye ta da jan biro. Ta yi barci a kan kayen.

Ɗalibar Jami'a (Marwa):
Hajiya kada ki ce mata komai, amsar tana cikin wannan jan zoben. Da safe ki tambaye ta kawai: sau nawa aka taɓa shago na 12, sau nawa aka taɓa na 16?

Mushen Lissafi (Marwa):
Ranar Juma'a ina da 'yan sankiyem awa ta ƙarshe. Zan ba su ta mai goro a minti goman ƙarshe, da Faransanci a allo, in maimaita da Hausa da Fulatanci da baki, in ce su kawo amsa ranar Litinin. Malam na zaure, don Allah ka turo mini wani misalin gado mai tadahuli da wani mai tabayuni, masu ƙananan lambobi, in gwada su kafin in shiga babin tara ɓangarori. Baba kuma ka riƙe ta shagunan tukuna, kada kowa ya rubuta dalilin a nan sai 'yar Hajiya ta kawo nata.

Malamin Zaure (Garwa):
In sha Allahu bayan la'asar zan rubuto maka. Na tadahuli zai zama miji da uwa da ɗan'uwa ɗaya na wajen uwa da baffa, asalinsa 6. Na tabayuni sai na duba wanda ba zai yi wa yara nauyi ba.